Tsiron da Aka Ba Akuya

Duk wanda ya taɓa zuwa sayen lemo a lambunan Rafin Guza a waɗancan shekarun ya san Malam Ɗanasabe, ya kuma san ba a shiga lambunsa a fito da wuri. Ka je sayen lemo ne kawai, amma sai ka sha tarihi. Zai kama hannun rigarka ya ja ka har bakin rafi, inda wasu bishiyoyin lemo suka yi layi, kore shar, masu ƙaya kamar an aiko su faɗa, ya nuna maka su da haɓa ya ce, "Ga 'ya'yan Talatu." In ka yi kuskuren tambayar wace ce Talatu, to ka yafe sallar la'asar a cikin jam'i.

Talatu matarsa ce, 'yar wani ma'aikacin jirgin ƙasa daga Kafanchan. Ranar da aka kawo ta Kaduna, wasu amaren da kwanuka da tasoshi ake ganinsu, ita kuwa da dashen lemo ta sauko daga jirgi, a cikin gwangwani, ta rungume shi a cinya tun daga gida. Dangin ango suka yi ta dariya. Ta dasa abinta a can ƙarshen lambu kusa da ruwa, ya girma ya zama bishiya mai manyan 'ya'ya, cikinsu ja kamar kankana, ƙanshinsu kuwa in an fere ɗaya sai maƙwabta sun leƙo. Sai dai ƙasar Kaduna ba ta karɓi bishiyar sosai ba. Fure kam ta iya, fari fat kowace shekara, amma 'ya'yan sai su zube tun suna ɗanyu, ɗan abin da ya nuna kuma ba ka samun ƙwallo a cikinsa balle ka shuka.

A tsakiyar lambun akwai wata tsohuwar bishiyar lemon zaƙi wadda mahaifin Ɗanasabe ya dasa. Ita ba ta da wani abin mamaki, sai dai ba ta taɓa fashin shekara ba.

Da zazzaɓi ya ɗauke Talatu, Ɗanasabe bai yi kuka a gaban kowa ba, bai kuma sake aure ba. Abin da ya yi shi ne ya ƙudurta a ransa sai ya haɗa bishiyar gidansu da bishiyar Talatu sun haihu. Kakansa mutumin can arewa ne, bakin hamada, mai dabino, kuma tun yana yaro ya ga yadda ake ɗauko furen namijin dabino a kai wa mace. To, me zai hana lemo? Duk lokacin da zafi ya yi zafi, bishiyoyi suka yi fure, sai ya ɗauki gashin kaza ya shafo garin furen bishiyar Talatu, ya zo ya shafa a furen bishiyar mahaifinsa, ya ɗaure da tsumma don kada ƙudan zuma su yi masa shisshigi. Lemon ya nuna, ya cire ƙwallayen ya shuka a gwangwanayen madara.

Ga wani abu game da ƙwallon wannan lemo: ba tsiro ɗaya yake fitarwa ba. Ka shuka ƙwallo ɗaya, sai ka ga biyu, uku, wani lokacin har huɗu sun leƙo daga rami guda. Dokar masu lambu kuwa tun kaka da kakanni a bayyane take: a bar mai ƙarfi, a cire raunana tun suna ƙanana, kada su shanye wa na kirki abinci. Ɗanasabe ba ya wasa da wannan doka. Da tsiro ya kai tsawon yatsa yake bin gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya, ya tsinke 'yan ƙananan da tanƙwararrun, ya watsa wa akuyarsa. Masu ƙarfin su ne suka zama layin nan na bakin rafi.

Wani zai ce, ai cikin 'ya'yansu ba ja ba ne. An sha faɗa masa. Amsarsa a shirye take. "A launi sun bi gidanmu, a ƙanshi sun bi ta. Ba ka ji ba? Hancinka ne ya toshe. Kuma dubi ƙayar nan, tsohuwar tana da irinta? Jini ne ya haɗu." Mutane su gyaɗa kai, don ba wanda ke son jayayya da mai takaicin rashin mata.

Talatu ta bar ɗa ɗaya, Ja'afaru. Yaro ne ɗan firit, mai fuka, da wushirya irin ta uwarsa. Ya ɗauki garwar ruwa daga rafi, kafin ya iso kwamin farko ya zauna yana numfashi kamar zai shiɗe. Ɗanasabe ya dube shi wata rana ya ce, "Wannan ba zai yi lambu ba." Da Audu, yayan Talatu, ya zo daga Zariya ya nemi a ba shi riƙon yaron, ko daren tunani uban bai nema ba. Shi ke nan yaro ya tafi, ya shiga boko, ya riƙa zuwa da salla yana gaishe da ubansa kamar baƙo. Da yake ɗan fari ne, uban ba ya kiran sunansa, sai "kai" ko "ɗan boko". Mutane suna cewa alkunya ce. Alkunyar ce mana, amma wallahi ta yi wa Ɗanasabe rana, don ta rufe abin da ba alkunya ba.

Ikon Allah, yaron da aka ce ba zai yi lambu ba, aikin bishiya ya karanta, har ya samu aiki a wani gidan binciken noma a Zariya. Ya taɓa zuwa da 'yar wuƙarsa ya ce, "Baba, bishiyar Inna ta yi kusa da ruwa da yawa. Bari in yanki idanun rassanta in yi musu aure, in ɗora su a kan gindin lemon tsami, ko da wani abu ya same ta."

"Ka mayar da wuƙarka aljihu," in ji uban. "In ɗora uwarka a kan gindin lemon tsami? Me zai same ta? Ko ya same ta, ba ga 'ya'yanta nan ba?"

Damina biyu bayan wannan magana rafi ya cika ya tumbatsa, ya ci gaɓa, ya tafi da bishiyar Talatu har saiwa. Ɗanasabe ya tsaya a bakin ramin ya daɗe, sannan ya juya ya shafa ganyen ɗaya daga cikin layin nan ya ce alhamdulillahi da ta bar baya.

Shekarar da gwamnatin soja ta tashi haiƙan da kiran kowa ya koma gona, rediyo ba ta da zance sai na noma, aka ce za a yi bajekolin amfanin gona a Kaduna, kuma duk wanda ya fitar da sabon iri za a sa masa suna a raba wa manoma. Ɗanasabe ya ji wannan yana ban ruwa, ya ajiye garwa. Lemon Talatu! A ce a Katsina, a Funtuwa, a Birnin Gwari, mutumin da bai taɓa ganinta ba ya buɗe baki ya ce a ba shi lemon Talatu. Abin da yake so ke nan a duniya, ba ya son komai bayansa. Ya aika Zariya a kira masa ɗan boko.

Ja'afaru ya zo a kan babur ɗinsa basfa ranar Asabar, ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya saurari bukata har ƙarshe. Sannan ya tashi ya zaga layin bishiyoyin, yana murza ganye yana shinshinawa, ya dawo ya murza na tsohuwar bishiya. Fuskarsa ta sauya.

"Baba, kafin a sa wa iri suna, sai an tabbatar sabo ne."

"Wa zai tabbatar? Ni da na haɗa da hannuna?"

"Ba hannunka ake tuhuma ba. Halin lemon ne. Irin wannan lemo, a cikin ƙwallo ɗaya yakan yi 'ya'ya iri biyu. Akwai waɗanda uwar ke yi da jikinta ita kaɗai, ba ruwansu da garin furen da aka shafa mata. Waɗannan uwar ce kawai ta sake dawowa. Akwai kuma guda ɗaya, shi ne na uwa da uba."

"Ɗa ba uba? A'uzubillahi! Abin da ake koya muku ke nan a Zariyar?"

"Rogo fa, Baba? Rake fa? Wane ne ubansu?"

"Kai, kada ka raina mini hankali. Waɗannan kara ake dasawa. Ƙwallo kuwa sai da fure, fure kuwa sai da gari."

"Haka ne a yawancin bishiyoyi. Lemo ne ya fita daban. Amma ba sai mun yi musu ba, akwai yadda ake ganewa." Ya ciro wata 'yar kwalba daga aljihu, da ɗan gari rawaya a gindinta. Ashe ya zo da shirinsa. "Wannan garin furen wani lemo ne da muke da shi can, ganyensa uku-uku ne a kara ɗaya, kamar na wake. Shi jininsa ba ya ɓuya. Duk tsiron da ya haifa sai ya fito da ganye uku. Mu shafa wa tsohuwar nan kamar yadda ka saba. In 'ya'yan sun tsiro, mai ganye uku yana da uba, mai ganye ɗaya uwarsa ce zalla. Daga nan za mu san irin waɗanda ka daɗe kana reno."

Ɗanasabe ya dubi kwalbar kamar an kawo masa kunama. "Wato baƙon miji ka kawo wa bishiyar ubana."

"Reshe ɗaya kawai, Baba."

Ya yarda, amma ba don ya yarda da maganar ba. Ya yarda ne don yana son ya ga ranar da ɗan boko zai sunkuyar da kai. Da gashin kazarsa aka yi aikin, shi ya shafa, shi ya ɗaure, yana yi yana tsaki, jiragen sojan sama na sansanin Mando suna wucewa ta kansu suna haɗiye rabin mitarsa.

Damina ta zo ta wuce, lemon reshen nan ya nuna. Ja'afaru ya dawo aka shuka ƙwallayen a sababbin gwangwanaye, aka jera su a inuwar mangwaro. Da zai tafi ya tsaya ya ce, "Roƙo ɗaya, Baba. Duk abin da ya tsiro a bar shi. Kada a cire ko ɗaya sai na zo."

"Yanzu kuma kai za ka koya mini renon tsiro?"

"A'a. Roƙo ne."

Suka tsiro kamar kullum, cunkus a rami ɗaya. Masu ƙarfi suka miƙe, ganyensu ɗaya-ɗaya, sak na tsohuwar. A gindinsu ga 'yan ƙananan nan, wasu a tanƙware, wasu ko ganyen kirki ba su buɗe ba. Ɗanasabe yana zuwa ban ruwa yana ganinsu, hannunsa yana ƙaiƙayi. Ja'afaru kuma ya yi jinkiri, aiki ya riƙe shi, Asabar ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Kullum tsohon sai ya tsuguna ya duba manyan: ganye ɗaya, ganye ɗaya, ganye ɗaya. Sai ya yi dariya shi kaɗai. Garin ɗan boko bai kama ba, ko kuma ƙarya ce tun farko. Ƙananan kuwa bai tsaya duba su ba. Wa ke duba abin da za a zubar?

Hali zanen dutse. Wata safiya ya ga manyan sun fara yin rawaya don cunkoso, zuciyar mai lambu ta motsa, ya ce shi kam ba zai zuba ido tsiro ya lalace a gabansa don wani yaro ya ce ba. Ya tsuguna ya fara bin gwangwanayen. Tsinke, watsa. Tsinke, watsa. Akuya ta matso iyakar igiyarta tana lashe baki. Ya kusa kai ƙarshen layi ke nan ya ji ƙarar basfa.

Ja'afaru ko gaisuwa bai gama ba ya hango abin da ake yi. Ya ruga, shi da ba ya gudu, ya ture akuyar da gwiwa, ya durƙusa yana tattara abin da ya rage a ƙasa. Numfashinsa ya fara fita da ƙara irin na da.

"Kai, lafiyarka? Ciyawa ce fa," in ji uban. "Zo ka ga abin da ka zo gani. Ga manyan nan, duk ganye ɗaya. Ina ganye ukun naka?"

Ja'afaru bai tashi ba. Ya shimfiɗa 'yan tsiron a tafin hannunsa, ya buɗe ganyen ɗaya da farce, ya miƙo. Tsiro ne ɗan mitsitsi, karansa a karkace. A kansa ga ganye uku a kara ɗaya, ƙanana kamar kunnen ɓera. Ya buɗe wani, wannan ganye ɗaya ne. Ya buɗe na gaba, uku. Wanda akuya ta gutsure rabinsa ma, uku.

"Garin ya kama, Baba. Ga 'ya'yansa nan." Ya tsaya ya ja numfashi. "Waɗanda uwar ta yi ita kaɗai su ke riga tashi a cikin ƙwallo, su cinye abincin. Na uwa da uba yawanci shi ne ke fitowa a baya, a matse. Manyan nan da ka bari, babu uba a jikinsu ko kaɗan."

Ɗanasabe ba wawa ba ne, kuma wannan shi ne abin takaicin. Da wawa ne da ya ci gaba da musu ya kwana lafiya. Ya dubi abin da ke hannun ɗansa, ya ɗaga kai ya dubi layin bakin rafi, kore shar, kusan shekara ashirin na ban ruwa da taki da hira da baƙi. Bishiyar ubansa ce. Duk layin bishiyar ubansa ce, ta maimaita kanta, tana yi masa kallon ido.

"Ƙayar fa?" ya ce, muryarsa ta dushe.

"Duk lemon da aka shuka daga ƙwallo yana yin ƙaya yana yaro. Tsohuwar ma ta yi, ta zubar."

"Ƙanshin fa?"

Ja'afaru ya mayar da ido kan 'yan tsiron da ke hannunsa. Uban ma bai sake tambaya ba, don ya san daga zuciyarsa ƙanshin ke fitowa, ba daga lemon ba.

"To, ka rubuta wa masu bajekolin kawai," ya ce can, da sauri, kamar mai roƙon bashi a bakin kasuwa. "Wa zai sani? Ka ce lemon Talatu ne. Kai ne ma'aikacin, maganarka za su ji. Uwarka ce fa!"

"Don uwata ce ba zan yi ba. In suka dasa suka ga lemon da kowa ke da shi a bayan gida, sunanta za su yi wa dariya." Ya ɗago ya dubi uban. "Baba, a duk shekarun nan, ko ɗaya ba ka taɓa bari ba? Ko a wani lungu, ko ka ba wani? In akwai ɗaya tak, jinin bishiyar Inna yana nan, zan iya yaɗa shi."

Ɗanasabe ya bi lambun da ido, kusurwa kusurwa, alhali ya san amsar. Shi mai lambun kirki ne, bai taɓa yin sakaci ba. Kowace shekara Talatu tana aiko masa da abin da ya roƙa, ɗan ƙarami a gindin manya, kowace shekara yana sa yatsa biyu ya tsinke ya ba akuya. Akuyoyi nawa ya yi kiwo da su? Har layya ya yi da wasu. Baƙin ciki ya taso masa, da ya rasa inda zai kai shi sai ya mayar da shi faɗa.

"Ni na san haka ne? Haka na tarar ana yi! Ba a barin rauni a lambu. Kowa ya san ba a barin rauni a lambu!"

"Na sani, Baba," in ji Ja'afaru.

A hankali ya faɗe ta, ba da gatse ba, har da ɗan murmushi, wushiryar nan ta bayyana. Da zagi ya yi da ya fi sauƙi. Ɗanasabe ya tsaya yana kallon bakin nan, da siririn wuyan nan, da ƙirjin da ke hawa yana sauka da ƙyar. Goshin nasa ne, hannuwan nasa ne, har yadda yake riƙe tsiro tsakanin yatsu. Sauran duk Talatu ce. Ga abin da ya yi shekara ashirin yana nema da gashin kaza, a durƙushe a gabansa cikin wandon kaki, kuma shi ma da hannunsa ya cire shi ya miƙa wa wani tun yana tsawon yatsa.

Ja'afaru ya jiƙa hankicinsa a garwa, ya naɗe 'yan tsiron masu ganye uku, ya sa a aljihun gaba. "Waɗannan zan tafi da su, wataƙila su rayu. Dama na zo ne in yi maka sallama. An mayar da ni Badun, can kudu, inda ake aikin lemo. Kawu Audu zai riƙa leƙo ka." Ya durƙusa ya ce a yi masa addu'a. Uban ya ɗaga hannu ya yi, irin wadda ake yi wa kowa.

Basfa ta tashi ta kama 'yar hanyar da ke hawa zuwa titi. Ɗanasabe ya biyo baya har bakin shinge, yana so ya ce tsaya, ka kwana, akwai magana. Ya buɗe baki zai kira shi. Sunan yana nan a kan harshensa, shi ya raɗa masa shi a kunne ranar suna, amma bakin bai taɓa saba da shi ba, ya ƙi fitowa. Abin da ya fito shi ne, "Kai!"

Masu "kai" suna da yawa a hanyar Rafin Guza. Wani mai tura kura ya waiwayo, wata mai tallan gyaɗa ta waiwayo. Mai basfa bai waiwayo ba.

Ya koma cikin lambu. Akuya ta samu wani ɗan tsiro da ya faɗa bayan gwangwani, tana taunawa. Bai hana ta ba.